Kafin A Yi Ihun "Ɓarawo!": Nauyin Da Ke Kan Yaron Kanti



Abin da muka zo tattaunawa a kansa yau zai yi kama da ƙaramin al'amari ga wanda bai taɓa tsaron kanti ba. Amma da yawa daga cikinmu, da an ba da hutu, kantin mahaifi ko na yaya ko na wani ubangida muke komawa, a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu, mu sami abin biyan kuɗin makaranta. Saboda haka tambayar tamu ce: in kana tsaron kanti, ka ga mutum ya sunkuci kaya ya cusa cikin riga, me ya kamata ka yi?

Bari mu fara da yadda kantin kansa ya sake kama. Tun lokacin da jirgin ƙasa ya iso Gusau, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna suna sayen gyaɗa da auduga, suna sayar da yadi da gishiri da kananzir, tsarin ciniki ɗaya ne. Akwai kanta tsakanin mai saye da kaya. Kai dai ka faɗi abin da kake so, a miƙo maka. Wani Ba'amurke mai suna Clarence Saunders shi ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memphis cikin 1916, inda mai saye ke zagayawa ya ɗebi abin da yake so da hannunsa, sa'an nan ya biya a bakin ƙofa. Wannan tsari ya iso mu, har ya zama ruwan dare. Ciniki ya ƙaru, gaskiya ne, amma kaya sun matso kusa da hannu, jarraba kuma ta matso kusa da zuciya. Aka bar yaron kanti a tsakiya, shi ne mai ciniki, shi ne mai gadi.

To, mun san abin da aka saba yi. Da an ga mai ɗan hali, sai a kwarma ihu, "Ɓarawo! Ɓarawo!" Kafin ƙiftawa da bisimilla kasuwa ta watse, kowa ya rarumi abin da ke kusa da shi. Mai sanda ya zo, mai dutse ya zo, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba shi ma ya kai nasa dukan. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Babu maganar da ta fi wannan ihu cancantar karin maganar nan. Wanda ya yi ihun yana da ikon farawa, amma ba shi da ikon tsayarwa.

Mu ɗalibai bai kamata mu manta da abin da ya faru a Aluu ta Jihar Ribas cikin watan Oktoba na 2012 ba. Ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal, irinmu, aka zarge su da sata, jama'a suka yi musu duka, suka cinna musu wuta. Cikin watan Maris na 2025 kuma, a Uromi ta Jihar Edo, aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke kan hanyarsu ta komawa gida, bisa zargin da ba a kai shi gaban kowane alƙali ba. Mun yi kuka, mun yi Allah wadai, kuma daidai ne. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, shin hannun da ke ɗaukar dutse a kasuwarmu ya bambanta da wancan? Balle mu a Zamfara, da muka ga yadda kashe mutanen da ake zargi da satar shanu, a kasuwanni da kan hanyoyi ba tare da shari'a ba, ya ƙara rura wutar ramuwar gayya wadda ta raba dubban mutane da garuruwansu. Ba mu da uzurin cewa ba mu san ƙarshen wannan hanya ba.

Wani zai ce ai jiharmu ta Shari'a ce, ɓarawo ba shi da mutunci. Lalle an ƙaddamar da Shari'a a Gusau cikin watan Oktoba na 1999, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, ta fara aiki cikin Janairu na 2000. Cikin Maris na wannan shekara aka yanke hannun Buba Bello Jangebe a Talatar Mafara saboda satar saniya. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan hukunci, abu ɗaya ba shi da jayayya: a gaban alƙali aka yanke shi, ba a bakin rumfa ba. Malaman Malikiyya kuwa sun gindaya sharuɗɗa masu tsauri. Sai abin da aka sata ya kai nisabi, watau rubu'in dinari ko dirhami 3, sai an fitar da shi daga ma'ajiyarsa, sai ɓarawon ya kasance baligi mai hankali, sai an sami shaidu biyu adilai ko shi da kansa ya amsa. Wane ne cikin masu duka ya taɓa tsayawa ya auna waɗannan?

Har ila yau, Imamu Malik ya kawo labarin Safwanu ɗan Umayya cikin Muwaɗɗa. Yana barci a masallaci aka sace mayafinsa, ya kama ɓarawon ya kai shi gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da aka yanke hukunci sai Safwanu ya nemi ya yafe, aka nuna masa cewa lokacin yafewa shi ne kafin a kawo ƙara. Watau ƙofar afuwa a buɗe take ga mai kaya tun magana ba ta kai gaban hukuma ba. Ga zaɓi biyu ke nan da addini ya bayar: ko afuwa, ko alƙali. Babu na uku mai suna duka. Dokar ƙasa ma haka ta ce. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi sai kotu ta tabbatar. Doka ta yarda ka kama wanda ya yi laifi a gabanka, amma ta wajabta ka miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba.

To, yanzu sai mu zo ga aikin kansa.

Da farko, ka tabbata da idonka. Ka ga lokacin da ya ɗauki kayan daga kan kanta, ka ga inda ya ɓoye, kuma bai ɓace maka ba har ya nufi ƙofa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya kuɓuce maka, to, zato kake yi, zato kuwa zunubi ne. Mai yiwuwa ya mayar, mai yiwuwa da abinsa ya shigo. Kada kuma ka yi hukunci da sutura ko ƙabila. Mutumin ƙauye mai yagaggiyar riga, ko Bafulatani mai sanda, ko almajiri, bai fi mai babbar riga kusa da sata ba.

Na biyu, ka matsa kusa da shi cikin natsuwa, ka yi masa sallama. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, domin mai ɗauke-ɗauke ba abin da yake tsoro kamar a lura da shi. Ka ce, "Malam, ga kwando ka zuba kayan," ko kuwa, "Baba, kamar an manta ba a lissafa sabulun nan ba." Ka buɗe masa hanyar da zai mayar ko ya biya ba tare da ya tozarta ba. Kaya ka zo nema, ga kaya sun dawo.

Na uku, in ya musa, kada ka ɗaga murya, kada ka kai hannu jikinsa. Ka kira maigida ko abokin aikinka, a keɓe da shi gefe, a gaban shaida. In mace ce, kada namiji ya kuskura ya taɓa ta ko ya ɗaga mata hijabi. A nemo mace dattijuwa. In yaro ne, a nemi iyayensa ko malaminsa. Kada a tuɓe kowa, kada a rataya masa kaya a wuya a zagaya da shi, kada a ɗauki hotonsa a watsa a Facebook. Tabon duka yana warkewa, amma hoton nan 'ya'yansa za su tarar da shi.

Na huɗu, in ya zaro wuƙa ko ya sheƙa da gudu, ka ƙyale shi. Ka riƙe kamanninsa, ka gaya wa maigida, a kai rahoto. Gusau da Tsafe da Bunguɗu duk a kan babbar hanyar Funtuwa zuwa Sakkwato suke, motoci ba su tsayawa. Ba kwalin madarar da ya kai a bi mutum cikin titi dominsa. In kuwa abin ya yi girma, ko mutum ya mai da shi sana'a, ga Sarkin Kasuwa, ga shugabannin 'yan kasuwa, ga ofishin 'yan sanda. In har jama'a sun taru, aikinka ya juya: ka shigar da shi ciki, ka rufe ƙofa, ka tsare ransa har hukuma ta zo.

Ba mu ce sata ba laifi ba ce. Ribar ɗan tireda ba ta taka kara ta karya ba, gwangwani ɗaya in ya salwanta sai ya sayar da da yawa kafin ya mayar. Amma dole mu dubi zamanin da muke ciki. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin Mayu na 2023 farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo, ga kuma 'yan gudun hijira da suka baro gonakinsu. Akwai bambanci tsakanin uwar da ta ɓoye ƙullin garin kwaki da ƙaton da ya shigo da jaka domin kwasar turare. Sayyadina Umar ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa. Da bayin Haɗibu suka saci taguwa suka yanka, ya gane ubangijinsu ne ke barin su da yunwa, sai ya ci shi tarar ninki biyu na kuɗinta.

Wannan ya kawo mu ga iyayen gidanmu masu kantuna, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Yaron da ya san za a zabtare ɗan abin da ake biyansa duk ranar da kaya suka ɓace, shi ne zai fi kowa saurin ihu da saurin duka, domin tsoro ke tura shi. Ku ɗauke masa wannan tsoro. Ku gaya masa tun ranar da ya kama aiki abin da kuke so ya yi, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ajiye kaya masu tsada kusa da wurin biya, ku sa haske, ku rage lunguna.

'Yan'uwa ɗalibai, an turo mu nan ne domin mu koyi auna magana kafin mu furta ta. Hutu na zuwa, za mu koma bayan kanta. Ranar da idonmu ya faɗa kan hannun da ya shige aljihu, mu tuna an ba mu amanar kaya, amma ba wanda ya naɗa mu alƙalai. Allah ya tsare mu da ɗaukar alhakin rai, ya ba jiharmu zaman lafiya, amin.