Awon Tururin Ma'adinai da Na'urar Hannu, daga Riruwai zuwa Tiga



Duk wanda ya kama hanya daga Kwanar Dangora, ya ratsa Tudun Wada da Dajin Falgore har ya shiga ƙasar Doguwa, zai hangi duwatsun Riruwai, waɗanda kakanninmu suka haƙi kuza a gindinsu, suka narkar da ita, suka yi fataucinta tun kafin zuwan Nasara. Masana ilmin ƙasa sun tabbatar cewa duwatsun nan dangin na Jos ne, kuma baicin kuza da kwalambait akwai yuraniyam da toriyam a cikinsu, ma'adinan da bisa ɗabi'ar da Allah Ya halicce su da ita suke fitar da wani irin tururi dare da rana, wanda ido ba ya gani, hanci ba ya shaƙa, fata ba ta ji. Shi ake kira radiyeshin. Babu inda ba ya nan a bayan ƙasa, don kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2008 cewa matsakaicin abin da jikin mutum yake sha daga halitta milisibat 2.4 ne a shekara. Inda matsalar take shi ne wurin wankin kuza, domin idan aka wanke ƙasa a ƙwarya, ruwa ya tafi da mai sauƙi, nauyayan ma'adinai sukan taru a cikin baƙin yashin da ake zubarwa, kuma a Jos an auna irin wannan yashi an same shi da tururi mai yawa, alhali yara na wasa a kansa, magina na ɗiba suna yaɓen ɗaki.

Na'urar awon ta hannu ba ta wuce wayar salula kauri da yawa ba. A cikinta akwai bututu mai iska, ƙirar da Geiger da Müller suka kammala a Jamus a 1928, wanda duk sa'ad da ƙwayar tururi ta ratsa shi sai ya yi ƙas. A fili za ka ji ƙas, can an jima ƙas. Kai ta bisa tsibin baƙin yashi, sai ƙarar ta rinƙa zuba kamar gero a faranti. Abin da zamani ya ƙara mata, wanda kuma shi ne maƙasudin wannan takarda, shi ne tana aika kowane awo zuwa waya ta Bluetooth, tare da sa'a da daƙiƙa da ainihin wurin da aka tsaya, kamar yadda tauraron ɗan'adam ya nuna. Bayan haɗarin Fukushima a 2011, 'yan sa-kai na ƙungiyar Safecast sun ɗaura irin wannan na'ura a jikin motoci, tana rubuta awo kowace daƙiƙa 5, har suka zana taswirar da kowa zai iya dubawa.

A nan nake roƙon malamaina su tuna ƙa'idar masu ilmin hadisi, waɗanda ba su karɓar matani sai sun binciki isnadi, domin lallai adadin da ba a san wanda ya aune shi ba, ko a ina, ko da wace na'ura, ko yaushe aka gwada ingancinta, hukuncinsa hukuncin jita-jita ne, kuma jita-jita a kan irin wannan al'amari tana iya tayar da ƙauye ko ta kashe kasuwar manomi ba da haƙƙinsa ba. Sharaɗi ne a riƙe na'urar mita 1 daga ƙasa, a jira adadin ya natsu, a maimaita da rani da damina. Wajibi ne kuma a san iyakarta: mai bututu tana faɗin yawa amma ba ta faɗin wane ma'adini ne, kuma ba da ita ake auna iskar radon mai taruwa a rami da rufaffen ɗaki ba, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin manyan sabubban dajin huhu. Gane ma'adinin kuwa sai an ɗebi ƙasa da ruwa an kai ɗakin bincike, irin na Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Shawarata ita ce kada a tsaya a bakin ramuka. A bi Kogin Kano daga tsaunukan kudu har madatsar Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka gama a 1974, a auna gonakin Kiru da Tudun Wada, ko da ana kyautata zaton lafiya lau suke, saboda da awon wuri mai lafiya ake gane wanda ya ƙetare haddi. A ajiye kundin awon a hannun hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, wadda dokar 1995 ta kafa.

Amma abin da ya fi damuna shi ne sakamakon bincike yakan tsaya a mujallun Turanci, mutanen da aka auna ƙofar gidansu ba su taɓa jin abin da aka samu ba. Haƙƙinsu ne a koma Riruwai da taswirar awon, a karanta ta da Hausa a gaban hakimi da dagatai da masu unguwanni, a kira matan da ke wankin kuza da magina, a nuna musu da yatsa tsibin da za a killace da wanda babu laifi a ɗiba.