Sanyin hunturu da abin da za mu shuka: jawabin kwamitin lambu a taron ƙungiya



Bara mun cire kuɗi daga asusun ƙungiya mun sayi dashen tuffa wajen wani ɗan kasuwa. Ya nuna mana lamba bisa takardar dashen, ya ce alama ce itacen na da ƙarfi. Mun sha wahalar ban ruwa, itacen ya yi ɗan ganye ya tsaya nan. Laifin namu ne, mun biya ba mu tambaya ba. Yanzu mun tambaya, ga abin da muka samo.

Lambar nan daga Amurka take. Ma'aikatar nomansu ta zana taswira a 1960, ta sabunta ta a 2012 da 2023. Sun raba ƙasarsu yanki 13, bisa ga daren da ya fi kowane dare sanyi cikin shekara. Tsakanin yanki da yanki akwai wajen digiri 5 da rabi. A yanki na 3, arewacin Minesota, sanyi na kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Ke nan lambar na gaya wa manomi ko sanyi zai kashe masa itace. Mu ko da an sa mu cikin wannan lissafi, wajen 11 ko 12 za mu faɗa. Sanyi ba ya kashe mana kome. Tambayarmu ita ce ko ya isa.

Ga tuffa bai isa ba. Yawancin irinta na son sa'o'i ɗaruruwa ƙasa da digiri 7 kafin ta yi fure yadda ya kamata. A Maraɗi da Damagaram, daren Janairu bai cika sauka ƙasa da digiri 13 zuwa 15 ba, ko da muna rawar ɗari muna hura wuta. Yamai ta fi mu ɗumi ma.

Amma Nijar ba ɗaya ba ce. In an yi arewa, dare na ƙara sanyi. A Bilma an taɓa auna ƙasa da sifiri a Janairu na 1995. Bisa dutsen Bagazam, inda tsawo ya kai wajen mita 2000, ruwa kan daskare wani dare, shi ya sa dankalin turawa ke son wurin. Timiya kuwa, lemu da rumman. Mangwaro da ke jin daɗi a nan, can bisa dutse ɗari zai ƙone shi. Kowa da rabonsa.

Namu rabon wata huɗu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma gajere ne ƙwarai. Dankalin turawa ba ya yin ƴaƴa sosai in dare ya wuce digiri 20. Tumatir na zubar da fure in zafi ya shigo, salati ya yi tsiri ya yi ɗaci. Mutanen Galmi sun daɗe da sanin haka game da albasarsu, ba su jira.

Don haka kwamiti na roƙo: a gama gyaran rijiyoyi da fangali kafin ƙarshen Oktoba. Sauran kuɗin asusu a sa su cikin irin albasa, shu da dankali. Wanda ke son itace, akwai mangwaro mai aure da gwaba. Ma'aji zai karɓi sunaye ranar Juma'a bayan la'asar.

Allah ya ba mu sa'a.