Niyyar Neman Lafiya a Omdurman



A Omdurman akwai asibitin masu taɓin hankali mai sunan Dakta Tijjani al-Mahi, likitan da ya buɗe wurin duba ciwon ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, a Khartum Bahri, cikin 1949. Abin da ya sa nake girmama shi, bai raina malaman tsangaya da marasa lafiya suka saba zuwa wurinsu ba. Ya zauna da su, suka riƙa tura masa waɗanda ciwonsu ya fi ƙarfin rubutu da tofi. Ya gane cewa majiyyaci yakan zo da imaninsa da danginsa da tsoronsa, kuma magani ba ya kama mutumin da bai sa ransa ga warkewa ba.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, mutanen Khartum, har da Hausawan da kakanninsu suka yada zango a hanyar Makka, sun ga abin da baki ba ya iya faɗa. Masu komawa gida yanzu suna gyara bango da rufi, barci kuwa ya ƙaurace wa idanunsu.

Ina roƙon kowa ya ƙulla niyya ƙarama wadda zai iya cikawa. Ya ce yau zan gaya wa ɗan'uwana abin da ke cin raina, gobe zan je a auna mini hawan jini. Mai ciwon suga ya koma kan maganinsa. Wanda firgici ke tayarwa cikin dare ya yi addu'arsa, gari na wayewa ya nemi likita, ya tafi da wani nasa.