Ranar Yaye

Jama'a masu sauraro, daga Kpébié ta Parakou har Djougou, yau batun yaye za mu taɓa. A gidajenmu, rana ɗaya ake shafa wa nono maɗaci, a kai yaro wurin kaka, ya kwana yana tsala kuka. Tun 1905 Sigmund Freud, likita ɗan Austiriya, ya ce ta baki jariri ke samun natsuwa. A 1950 Erik Erikson, masanin halayyar ɗan Adam, ya ƙara da cewa a shekarun farko yaro ke koyon yarda da mutane, ko ya tashi da ɗar-ɗar. Masana sun soki Freud sosai, amma kukan nan gaskiya ne. Iyaye mata, don Allah ku rage nono sannu a hankali, ku bar yaro kusa da ku.