KAREN FITBUL A GIDAN IYALI: HALINSA, HATSARINSA DA ALHAKIN MAI SHI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya hore wa ɗan Adam dabbobi, Ya kuma ɗora masa amanarsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Maudu'inmu na yau shi ne wani nau'in kare da ake kira fitbul, wanda mutanen Ingila da Amurka suka shafe shekaru fiye da talatin suna jayayya a kansa. Wasu sun ce makashi ne, bai kamata ya zauna cikin mutane ba. Wasu kuma sun ce babu karen da ya kai shi son yara, laifin duk na masu shi ne. Abin da ya sa maganar ta shafe mu shi ne, saboda matsalar tsaro, masu hali a manyan biranenmu sun fara sayen karnukan ƙasashen waje suna ajiyewa a gida, wasu matasa kuma suna yin haka don ado da alfahari. Tun da rayukan yara ne a tsakiya, wajibi ne mu san gaskiyar lamarin kafin mu yi hukunci, domin malamai sun ce hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa.

Asalin wannan kare

A Ingila ta da, akwai wani mummunan wasa da ake ɗaure bijimi a sakar masa karnuka, jama'a suna kallo suna caca. A shekarar 1835 majalisar ƙasar ta haramta shi. Da masu cacar suka rasa bijimi, sai suka koma haɗa kare da kare a cikin wani shinge mai kama da rami, domin ya fi sauƙin ɓoyewa daga hukuma. Don wannan aiki suka riƙa haɗa barbarar karnukan kama bijimi masu ƙarfin muƙamuƙi da ƙananan karnukan farautar ɓera masu zafin nama. Daga nan sunan ya fito, domin a Turanci kalmomi biyu ne, ramin faɗa da bijimi. 'Yan ci-rani suka tafi da shi Amurka, inda aka fara yi masa rajista a matsayin nau'i mai zaman kansa a 1898. A can ya yi aikin gona da gadi, amma faɗan caca bai rabu da shi ba.

Namijinsa na asali bai cika wuce kilo 16 zuwa 27 ba. Ke nan ba girma ne ya bambanta shi da saura ba. Abin da masu kiwonsa na farko suka zaɓa a jikinsa shi ne naci: ya kama, ya riƙe, ya girgiza, kada ya saki ko da yana jin ciwo. Maganar da ake yaɗawa cewa muƙamuƙinsa yana kullewa kamar kwaɗo ba gaskiya ba ce, halittar bakinsa iri ɗaya ce da ta sauran karnuka. Haka nan maganar cewa Turawan da sun ɗauke shi a matsayin mai renon yara ba ta da tushe a tarihi. Duka biyun tatsuniya ce, ɗaya ta masu ƙinsa, ɗaya ta masu sonsa.

Abin da bincike ya nuna

Adalci ya wajaba ko a kan dabba, don haka za mu kawo hujjojin ɓangarorin biyu.

A shekarar 2000 masu bincike daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tare da abokan aikinsu sun fitar da nazarin mutanen da karnuka suka kashe daga 1979 zuwa 1998. A cikin mutum 238 da aka san nau'in karen da ya kashe su, fiye da rabi fitbul ne ko wani nau'i da ake kira rotwaila. Wannan adadi ba abin rainawa ba ne. Amma su masu binciken sun yi gargaɗi cewa ba a san yawan kowane nau'i a ƙasar ba, kuma sau da yawa da ido kawai ake cewa kare fitbul ne.

A 2008 wani nazari daga Jami'ar Fensilbaniya ya nuna cewa fitbul yana cikin waɗanda suka fi kai wa 'yan'uwansu karnuka hari, amma wajen yi wa mutane barazana wasu ƙananan karnuka sun fi shi. A 2022 kuma aka buga wani babban bincike a mujallar Science, wanda ya tattara bayanan karnuka fiye da 18,000, ya gano cewa nau'in kare yana bayyana kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan. Wani abin lura ya faru a 2007, lokacin da aka kama shahararren ɗan wasan ƙwallon Amurka Michael Vick da laifin shirya faɗan karnuka, aka ƙwace kusan 50 daga gidansa. Masana suka gwada su ɗaya bayan ɗaya, aka bar mafi yawansu da rai, wasu har aka ba da su riƙo a gidaje, wasu kuma suka ƙare rayuwarsu a wuraren kula da dabbobi.

To, ta yaya za a haɗa waɗannan hujjoji? Amsar ita ce tambayoyi biyu ne ake cakuɗawa. Ta farko: shin wannan kare ya fi saura saurin cizo? Bincike bai tabbatar da haka ba. Ta biyu: idan ya yi cizon, me zai biyo baya? A nan ne hatsarin yake. Ƙaramin kare yakan ciji yaro a ɗinke wurin ya koma gida. Kare mai ƙarfi da naci idan ya kama yaro a wuya ko a fuska, minti ɗaya ya isa. Uba mai hankali ba ya auna yawan aukuwar abu kawai, yana auna girman ɓarnarsa ranar da ya auku.

Akwai wani nazari na 2013 da muke so kowane magidanci ya riƙe. An bi diddigin mutum 256 da karnuka suka kashe a Amurka daga 2000 zuwa 2009. A kashi 87 cikin 100, babu wani babba mai ƙarfi a wurin da zai kawo ɗauki. A kashi 85, wanda aka kashe ba wanda karen ya saba da shi ba ne. A kashi 77, ƙaramin yaro ne ko mai rauni. A kashi 76, kare ne da aka ware shi ba ya samun kyakkyawar mu'amala da mutane. Ku dubi waɗannan abubuwa, ya 'yan'uwa, sannan ku dubi gidajenmu. Ƙofarmu a buɗe take wuni guda. 'Ya'yan maƙwabta suna shigowa ba sallama, almajiri yana shigowa, 'yar talla tana shigowa, mata suna zuwa barka da gaisuwa da goyo a baya. Maigida yana kasuwa ko ofis. Karen gadi kuma yana ɗaure a rana ba ya ganin kowa sai mai ba shi abinci. Wato sharuɗɗan musibar sun taru a gidajenmu fiye da yadda suke taruwa a gidan Bature mai kulle ƙofarsa.

Matakan da hukumomi suka ɗauka

A 1991, bayan da wani fitbul ya yi wa wata yarinya 'yar shekara shida mummunan rauni a garin Buradfod, Birtaniya ta kafa dokar karnuka masu hatsari, ta hana kiwo da sayar da nau'i huɗu, har da fitbul. Wanda aka yi wa rangwame ya riƙe nasa, sai an fiɗiye shi, kuma ba ya fita sai da igiya da takunkumi. A 2014 aka tsananta hukuncin: wanda karensa ya kashe mutum yana iya shan ɗaurin shekara 14, ko da a cikin gidansa abin ya faru. Daga 1 ga Fabrairu 2024 aka haramta mallakar wani dangin fitbul mai girman jiki da ake kira XL Bully a Ingila da Wales ba tare da takardar izini ba. A ɗaya ɓangaren, Holan ta haramta fitbul a 1993 amma ta janye dokar a 2008 saboda ba ta ga cizo ya ragu ba, birnin Denba na Amurka ma ya sassauta haramcinsa na 1989 bayan ƙuri'ar jama'a a 2020. Sun saɓa a kan haramta nau'i, amma babu wanda ya saɓa a kan cewa mai kare shi ne abin tuhuma.

Mizanin Shari'a

Wannan matsaya da suka cimma bayan doguwar wahala, fiƙihunmu ya riga ya shimfiɗa ta.

Da farko, Musulunci bai ɗauki kare a matsayin abokin gaba ba. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah Ya gafarta wa wani bawa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Don haka azabtar da kare, ko horar da shi da yunwa don ya yi zafi, ko haɗa shi faɗa da ɗan'uwansa don caca, duk zalunci ne.

Na biyu, Shari'a ta rataya ajiye kare a kan buƙata. Ya tabbata a littattafan nan biyu cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana tauye ladansa kowace rana, ƙiraɗi ɗaya a wata ruwaya, biyu a wata. Game da gadin gida malamai sun saɓa. Imam Nawawi ya rinjayar da halacci bisa ƙiyasi. Mai Risala, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ya tafi a kan hani a littafinsa, amma masu sharhi sun hakaito cewa shi kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron cutarwa. Ke nan lalura tana da hukuncinta, kuma ana ƙaddara ta gwargwadonta. Amma kare na ado da gasa, wanda yake kwana a falo yana wasa da jarirai, ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan.

Na uku, lamuni. Malaman Malikiyya sun yi bayani a kan kare mai cizo, wato alkalbul aƙur, cewa wanda ya ajiye shi, aka yi masa gargaɗi bai kawar da shi ba, to shi zai biya abin da ya lalata, dukiya ce ko jini. Faɗin "ai bai taɓa yi ba" ko "ƙaddara ce" ba ya sauke alhaki daga wanda ya yi sakaci. Maigida makiyayi ne, za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, maƙwabci kuma yana da haƙƙin ya aminta daga cutarwarsa.

Nasiharmu

Saboda haka muna ganin bai dace magidanci ya kawo fitbul ko makamancinsa cikin iyalinsa a matsayin abin wasa ba. Wanda lalurar tsaro ta tilasta masa ajiye kare, to ya kiyaye waɗannan:

1. Ya san asalin karen da halin iyayensa, kada ya sayi wanda aka horar da duka ko aka taɓa sa shi faɗa.

2. Ya gina masa wuri mai inuwa da ƙofa mai ƙarfi, nesa da hanyar shiga gida da wurin wasan yara, ya ba shi haƙƙinsa na ci da sha da motsa jiki.

3. Kada a bar yaro da kare su kaɗai ko na ɗan lokaci, komai sabonsu. A koya wa yara kada su kusanci kare yana ci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa, kuma kada su ruga a gabansa.

4. Ya sanar da maƙwabta, kuma kada ya fita da shi sai da igiya da takunkumi a hannun babba mai iya riƙe shi.

5. Duk ranar da ya yi wa mutum gurnani ko ya kai cizo, gargaɗi ya iso. A nemi likitan dabbobi, a raba shi da gidan yara.

6. A yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare a kan kari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar, domin idan alamun ciwon suka bayyana da wuya a tsira.

Ya 'yan'uwa, kare ba shi da hisabi, mai shi ne yake da shi. Dukiyar da ake tsaro ana iya mayar da ita, amma ran yaro ko fuskarsa ba su da madadi, kuma da na sani ƙeya ce. Wanda ya ji wannan ya isar wa wanda bai ji ba, musamman matasanmu.

Allah Ya tsare mana zuriyarmu, Ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne.