Daren da Duna ya bar bakin turke

Maganar da na zo da ita yau, na san wasu za su fara dariya tun kafin in rufe baki: makwancin kare. E, kare dai da kuka sani. Wani zai ce, "Mutane ba su gama samun katifa ba, kai kana zancen shimfiɗar kare?" Ku ɗan yi haƙuri ku saurara, don ni rago guda wannan darasin ya ci mini.

Ni ɗan Kanya Babba ne, a ƙaramar hukumar Ɓaɓura ta jihar Jigawa. A wajenmu ba a ajiye kare don ado. Ko dai na farauta ne, ko na gadin gida da dabbobi. Namu baƙi ne wuluk, muna kiransa Duna, kuma aikinsa ɗaya: kwana a bakin turken tumaki. A nan muka ɗan dafe masa ƙasa da siminti, muka ce ai ya samu wuri.

Wata shekara cikin Janairu, sanyin hunturu ya kankama, irin wanda iska ke kaɗowa daga arewa maso gabas har ta fasa wa mutum leɓe. Da asuba Baba ya fito alwala, sai na ji yana kirana, "Kai, zo nan! Ina ragon?" Na fito da gudu, igiya kawai na tarar, an yanke ta. Duna kuwa? Can muka same shi a madafi, ya dunƙule cikin tokar murhu, ya yi fari fat. Wallahi sanda na ɗauko. Kawuna, wanda tsohon mafarauci ne, shi ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Ɗana, kai da bargo biyu ka kwana. Je ka taɓa simintin nan tukuna." Na je na taɓa. Kamar ƙanƙara. Jikina ya yi sanyi, na ajiye sandar.

To daga ranar na fara koyon abin da zan gaya muku.

Abu na farko, wuri ya fi shimfiɗa muhimmanci. Kare na yin barcin awa 12 zuwa 14 a yini, kuma duk inda ya fi jin daɗi, can zai koma, ko ka so ko ka ƙi. Saboda haka ka kai masa daɗin inda kake son ya tsare. Mu rumfa muka kafa masa a gefen turke, muka kewaye ɓangare uku da zana, ƙofar ta kalli yamma. Dalili? Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, hadarin damina kuma galibi daga gabas yake tasowa. Ka ga jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

Na biyu, girma. Ka bari sai ya miƙe yana barci, ka auna daga hanci zuwa gindin wutsiya, ka ƙara kamar tafin hannu biyu. In ya yi masa kaɗan ba zai hau ba, in ya cika faɗi kuma ba ya riƙe ɗumi.

Na uku, ka ɗaga shi daga ƙasa. 'Yan katakai a kan bulo huɗu sun isa, don kada ruwan Agusta ya kwanta masa a ƙarƙashi. Kwanciya a kan siminti tsirara kullum ita ke sa gwiwar kare ta yi kanta, gashin wurin ya zube, wani lokaci har ya zama gyambo, musamman in ya fara tsufa.

Na huɗu, me za a shimfiɗa? Ba sai ka sayi komai ba. Buhun algarara biyu ko uku, ko tsohon bargo, sun wadatar da sanyi. Kada ka sa ƙaiƙayin gero, sunansa ma ya gaya maka abin da zai yi masa. Ka guji buhun da aka zuba taki ko maganin feshi. Soson katifa kuma, in ba a rufe shi da kyau ba, kare zai yayyaga shi ya haɗiye, ya toshe masa hanji.

In bazara ta shigo, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai ka kwashe bargon gaba ɗaya. Kare ba ya zufa irin tamu, da haki yake sanyaya jikinsa. Shi ya sa za ka gan shi yana tona rami a gindin randa. Ba ɓarna yake ba, sanyi yake nema. Ka zuba masa yashi mai tsabta a inuwa, ka riƙa ɗan yayyafa ruwa, ka ajiye masa kaskon ruwan sha kusa.

Na biyar, kuma shi ne wanda ya shafi lafiyar mutanen gida: tsabta. Ƙwan ƙuma daga jikin kare yake zubowa cikin shimfiɗa, a nan yake ƙyanƙyashewa. Kaska kuwa a tsagar bango take ɓuya, kuma mace ɗaya tana zuba ƙwai dubbai. Duk mako ka kakkaɓe buhunan, ka wanke, ka shanya a rana mai zafi, ka share wurin, ka liƙe tsagogin bango. Don Allah kada ka zuba masa fiya-fiya ko ka shafa masa baƙin mai. Yana lasar jikinsa, guba kake ba shi. Ka nemi malamin dabbobi ya ba ka maganin da ya dace.

In ka je, ka tambayi allurar rigakafin haukan kare. Ana fara yi tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. A nan Najeriya ma ana haɗa ta, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato. Cutar nan in alamunta suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Karen da ke da wurin kwana a gida kuma ba ya yawan gantalin dare, balle ya haɗu da mahaukacin kare ya kwaso muku masifa.

Duna ya shekara huɗu a wannan rumfar. Ko akuya ce ta yi tari cikin dare, sai ka ji haushinsa. Ragon dai bai dawo ba, amma ba a sake yanke mana igiya ba. Kawu yakan ce dabbar da ka ɗaure ko ka ajiye, haƙƙinta na wuyanka, tunda ba ta da bakin kai ƙara.

Saboda haka yau da dare, kafin ka ja bargo, ka fita ka dafa hannunka inda karenku yake kwana. Abin da hannunka ya gaya maka, ka yi aiki da shi.