Jawabin Ƙaddamar da Lambun Kimiyya na Makarantar Firamare a Kara



 

A watan Yunin 2024 gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Gina azuzuwa da ɗaukar malamai aikin hukuma ne. Abin da ya tara mu yau kuwa namu ne: kunyoyin wake da gyaɗa, akurkin kaji, da 'yar kwatarniyar ruwa a gindin bishiya.

Yaron Kara ya san abubuwa da yawa tun kafin ya riƙe fensir. Ya san shamuwa in ta sauka damina ta kusa. Ya ga gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Abin da ke damuna shi ne, da ya shiga aji sai a ajiye wannan sanin a bakin ƙofa, a sa shi hadda a kan allo.

Malamai, ku fito da yara waje. Gani ya kori ji. A sa wa kaza ƙwai, yara su riƙa ƙirga kwanaki a littafinsu har 21, su ga ƙyanƙyasa da idonsu. A tumɓuke wake ɗaya, su taɓa 'yan ƙullutun da ke jikin saiwar. A cikinsu akwai ƙwayoyin halitta masu jawo naitirojin daga iska, sinadarin da muke saye da tsada a buhun yuriya. Nan yaro zai gane dalilin da kakansa ke haɗa gero da wake a gona ɗaya. A nuna musu tsutsar sauro tana wutsil-wutsil a kwantaccen ruwa, sannan a zubar da ruwan a gabansu. Yarinyar da ta ga haka ba za ta bar tsohuwar taya cike da ruwa a tsakar gida ba.

In hali ya samu, a kai su madatsar ruwa ta Guzuguzu a Kabo, da gidan namun daji na Audu Bako a Kano.

Iyaye, roƙona gare ku: in yaro ya dawo da tambaya, kada a ce masa ya cika surutu. Masu kiwo kuma a taimaka a tsare lambun daga awaki.

Da sunan Allah na ƙaddamar da wannan lambu. Allah Ya sa albarka.